Kujerar Bayan Direba

Kamfanin su Dogo ɗaki ɗaya ne a saman shagon tela: shi, da yayarsa da kowa ke kira Yaya Babba, sai Mai-Gilashi. Sun yi wa wani mai motocin haya manhajar sayar da tikiti, ɓangare a waya, ɓangare a tasha. Aikin duka yana ma'ajiya ɗaya, mai tuna kowane canji da wanda ya yi shi. Sai dai tun farko Dogo ya raba ta bisa sunayen mutane, wai don a zauna lafiya. Kowa da foldarsa, ba mai leƙa ta wani.

Mai-Gilashi na tafiya hutu, mai motoci ya kira yana huci. An sayar wa mata biyu kujerar bayan direba, ɗaya ta waya, ɗaya a tasha, kowacce ta rantse ba ta tashi.

"Gobe zan zo in gwada da kaina. In ta sake, na nemi wasu."

Dogo ya shiga bincike. Ashe rubutun manhajar da ke duba ko an kama kujera kwafi uku ne, kowa da nasa.

"Ai na gyara wannan tuntuni!"

"Naka ka gyara, ƙanina," in ji Yaya Babba.

"To me ya hana ki kwafa?"

"Kai ka hana leƙe. Ni kuwa ka san ni da biyayya."

Dogo ya buɗe sabuwar folda ta waya, da ta tasha, da wata da ya sa wa suna "na kowa", ya zuba rubutun kujera guda ɗaya tak a ciki. Ya shiga kwashe aikin kowa zuwa sababbin foldojin. Da ya zo kan foldar Mai-Gilashi sai hannunsa ya tsaya.

"Kwashe, malam," in ji Yaya Babba. "Ma'ajiya ba ta mantuwa, in ya yi kuka a nuna masa tsohuwar."

Washegari mai motoci ya sayi kujerar ta waya, ya ce Yaya Babba ta sake sayar masa ta tasha. Na'ura ta ce an kama. Ya sake, ta ƙi. Ya gyara hula, ya ce yana da wata tasha, su shirya.

Da Mai-Gilashi ya dawo, ya daɗe yana zare ido a allo.

"Jama'a, ina foldata?"

"An rushe," in ji Dogo. "Hanya ta bi ta kai."