Taliya a Gaban Suruki

Ɗalhatu ba mutum ne mai dogon buri ba. Hutunsa rana ɗaya ce a mako, kuma abin da ya so a wannan Talatar bai wuce ya zauna shi kaɗai ya ci taliyar Japan da ake kira udon ba, a sabon gidan abincin da aka buɗe kusa da kasuwar Al Ras, a Dubai. Abokan aikinsa a kamfanin kago, na jigilar kaya, sun cika masa kunne da labarinta. Ya tambaya ko halal ce, aka ce halal ce. Aka dire masa kwano yana tururi, taliya kauri-kauri kwance cikin romo, da 'yan sanduna biyu a gefe.

Sai rawar kai ta sa ya ɗauki hoto har da sunan wurin, ya tura wa matarsa Wasila a Kano. Ya manta shaf cewa mahaifinta, Alhaji Sanda, yana nan Al Ras sayen kaya, kuma tun saukarsa Ɗalhatu ke zille masa da sunan aiki ya yi yawa. Zillewar tana da dalili. Ya daɗe yana gaya wa Wasila ya kama gida, ciki da falo, biza kawai ake jira. Alhali gado ɗaya gare shi a unguwar Al Qusais, na sama ma, a ɗakin da gardawa ke kwana kamar kifin gwangwani.

Yana cikin kokawa da sandunan aka yi sallama a kansa.

"Ashe yau an samu hutu," in ji Alhaji Sanda, yana jan kujera. "Wasila ce ta kira ni, ta ce maza ga ka nan kusa."

Ɗalhatu ya miƙe zumbur, ya rusuna, ya gaida shi, ya sake gaida shi. Ya ce, "Baba, bismillah."

"Alhamdulillahi, na ƙoshi. Ci abincinka, in ka gama mu je na ga inda 'yata za ta zauna. Gobe zan tashi."

To, wa ya taɓa ganin ɗan mutunci yana cin abinci a gaban surukinsa? Ballantana wannan taliya da sai an zuƙo ta, tana karkaɗa wutsiya tana fesa romo a haɓa. Ɗalhatu ya sunkuyar da kai, ya ajiye hannu a cinya. Yunwa na cin sa, tsoro na cin sa, amma can ƙasan ransa ya gode wa kunya, domin muddin kwanon nan a cike yake, babu inda za su. Teburin a lungu yake, bango a bayansa, Alhaji a gabansa. Taliya ta huce, ta kumbura, ta shanye romon.

Dattijon ya lura, ya yi murmushi. "Kai, yaron kirki. Ni na hana ka ci ko? Bari na jira ka a waje. Shwaiya shwaiya, kada ka yi sauri."

Ya fita ya tsaya bayan gilashi, cikin ranar Dubai mai narka kwalta, da wata leda a hammata. Ɗalhatu ya ɗauki cokali mai yatsu, ya ci sili ɗaya, bai ji ɗanɗanon komai ba. Ya ɗaga kai ya ga tsohon yana share gumi da bakin hularsa. Kunya ta kashe shi. Ya biya, ya fito.

Kafin ya buɗe baki Alhaji ya tare tasi, ya miƙo masa ledar.

"Riƙe wannan. Labulen falo ne. Da kanta ta ɗinka, daidai awon tagar da ka ba ta. Ta ce lallai na rataya da hannuna, na ɗauko mata hoto."

Suka shiga. Direba ya waiwayo yana jira.

"Yalla, Ɗalhatu," in ji Alhaji, "faɗa masa inda za mu."