Tsanin da Aka Raba Mana

Daren jiya barci ya kai ni wani gari da ke can ƙasan rami. Kowa a garin ya san gonarsa na sama, amma ba hanyar hawa. Ni kuwa ina rungume da ƙwaryar irin gerona, ga hadari ya haɗo. In ban fita na shuka ba, bana ta wuce ni.

Sai guɗa ta tashi: "Tallafi ya iso!"

Wasu baƙi daga ƙasar waje suka zuro mana tsani, dogo, sabo fil, har da kintinkiri. Wayyo daɗi! Na yi tsalle, na rungumi maƙwabcina Tanko, muka yi ta juyi.

Shugaban kwamitin rabo ƙadangare ne mai tabarau. Duk abin da baƙin suka ce, sai ya gyaɗa kai.

"Adalci ake so," in ji shi. "Kowa sai ya samu."

Aka kawo zarto, aka yanka tsanin gunduwa-gunduwa. Na sami mataki ɗaya. Aka ce in hau kai in yi murmushi, aka ɗauke ni hoto.

Wani baƙo ya leƙo daga sama da igiyar awo. "Madalla! Arzikinku ya ɗaga da kamu guda!"

Muka yi tafi har tafin hannu ya yi zafi.

Can sai na ga rabin gari sun hura wuta da rabonsu, wai a dafa ruwa ko yara sa yi shiru. Na ce, "Tanko, cire rawaninka!" Muka bi gida-gida muna roƙon sauran matakan, muna ɗaurewa da rawani da mazagin wando. Tsani ya miƙe, a karkace dai, amma ya miƙe.

Na fara hawa, ƙwaryata a ka. Ga bakin rami! Ga ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa! Daga ƙasa aka soma buga mini ganga, dum, dum, dum. Daɗi ya kusa kashe ni. Na miƙa hannu zan dafa ciyawa.

Na farka. Gangar ba ta daina ba.

A tsakar gida na tarar da matata Uwani tana daka, ƙwaryar irina a kife kusa da turmi.

"Uwani, ai iri ne!"

Ba ta ɗago ba. "Na sani, Malam. Yaran tun jiya ba su sa komai a bakinsu ba."