Yatsu Huɗu Don Telo

A San Pedro babu wanda bai san bakin Telo Mañón ba. An san kulkinsa ma, amma bakin ya riga kulkin yin suna. Shekarun da ya yi yana buga besbol, wasan dukan ƙwallo da kulki, a Amurka, duk hutun da ya zo gida sai ya zauna wurin 'yan domino yana ba su labarin ƙwallayen da ya tsallakar da katanga, kuma kowace shekara nisansu ƙaruwa yake yi. Ana nan sai ƙwallo ta kuɓuce wa wani mai jifa, ta sami Telo a muƙamuƙi. Likitoci suka ɗaure masa baki da waya. Matarsa Yudelka ta ce tun da suka yi aure kunnenta bai taɓa hutawa haka ba. Tana faɗa tana hawaye, tana niƙa masa wake ya zuƙa da bututun roba.

Muƙamuƙi na warkewa gwiwa ta ce ga ta nan. Kafin ita ma ta warke Amurkawa sun sallame shi da godiya. Ya dawo gida da shekara talatin da huɗu, ƙungiyar garinmu ta ɗauke shi a gasar ƙarshen shekara, rabi don sunansa, rabi don kunya.

Abin da ya ɗaure wa kowa kai shi ne, a atisaye Telo na nan yadda aka san shi. Duk ƙwallon da aka jefa masa sai dai a tsinto ta bayan fili. Amma ranar wasa sai ya tsaya yana dukan iska kamar mai korar ƙuda. Har 'yan acaɓan da a da ba sa karɓar kuɗinsa suka fara yi masa nasiha a kan hanya.

Don Plinio, mai horar da ƙungiyar, ya tsayar da shi a bakin benci.

"Telo, ni fa ba gidan tarihi nake riƙe da shi ba. Lahadi ce ta ƙarshe. In ba ka buga ba, akwai masu jiran gurbinka."

"Haba maigida, ba ka ga atisayen jiya ba? Har gilashin motar wani na fasa."

"Na gani. Je ka roƙi alƙalin wasa ya riƙa ƙirga mana na atisaye."

Telo ya yi dariya, don shi ko a mafarki bai yarda ya ƙare ba. Hannunsa na nan, idonsa na nan. Abin da ya ɓace ne bai sani ba, kuma wannan ya ci masa rai.

Yudelka ce ta yi maganar da safe, tana zuba masa dakakkiyar agade da soyayyen ƙwai, ba da wata manufa ba.

"Bana dai na huta da dafa ruwan gashi. Da can kullum ka dawo jikinka duk shatin ƙwallo. Yanzu kuwa sumul, kamar ma'aikacin banki."

Cokali ya tsaya a hannun Telo. Gaskiya ta faɗa. A wasa, masu jifa kan fara aiko masa da guda kusa da haɓa, ƙafarsa ta gaba ta ja baya da kanta, daga nan sai su yi ta jefawa can nesa inda kulki ba ya kaiwa. A atisaye kuwa, tun da ya dawo, ko sau ɗaya ƙwallo ba ta shafi rigarsa ba. Mai jefa masa a atisaye kuma Nicanor ne, tsohon mai jifa da ya yi ritaya, abokinsa tun suna buga murfin kwalba da sandar tsintsiya, wanda ya bi shi har Amurka ya yi jinyarsa.

Ya same shi a fili kafin kowa ya zo.

"Mutumina, ashe tausayina kake ji?"

"Tausayin me?"

"Rabonka da ka jefo mini ta jikina tun yaushe?"

Nicanor ya sunkuya yana juya ƙwallo a hannu. "Ni na ga fuskarka a asibiti, Telo. Kai ba ka gani ba."

"To yau kalle ta da kyau, ka auna ta."

"Ba zan yi ba."

"Da ma na sani. Hannun ne ya mutu, kake fakewa da zumunci. Ko kakata ta fi ka jifa, ita da take kabari."

Ba a zagin hannun mai jifa, ko ya kai shekara ɗari. Nicanor ya koma wurin jifa. Ta farko ta wuce gaban hancin Telo, ya zube ƙasa, hular kwano ta yi nata wuri. Tsoro ne, tsagwaronsa, kuma a ranar ya fara kiransa da sunansa. Ya tashi ya kakkaɓe wando. Ta biyu ya sake kaucewa. Wata can ta same shi a haƙarƙari, tim. Nicanor ya yar da safar hannu zai rugo, Telo ya ɗaga masa hannu. A wasan nan ba a shafa wurin da ƙwallo ta doka, ko da numfashi ya ɗauke. Ya tsaya ya saurari jikinsa. Zafi ne kawai, irin wanda ya sani tun yana yaro.

"Shi ke nan ƙarfin naka?" in ji shi. "Ƙaro."

Haka suka yi ta yi har ƙarshen mako. Yudelka ta koma dafa ruwa tana tsine wa Nicanor.

Ranar Lahadi da la'asar fili ya cika, ganguna da ƙaho ba a jin maganar na kusa. Mai cafke ƙwallo na ƙungiyar da ta zo baƙunta, wanda ke tsugune bayan mai bugu, Wáscar ne, sun taɓa zama ƙungiya ɗaya.

"Tsoho, ya haƙoran? Naka ne ko na kanti?"

"Na ubanka ne, ya ara mini."

Ta farko ta zo ta haɓa kamar kullum. Telo ya ɗan karkatar da kai, ƙafarsa ba ta motsa ba. Wáscar bai lura ba, ya nemi a jefo ta nesa, Telo ya shimfiɗa ta har gindin katanga. Da ya sake fitowa suka matso da ita jikinsa, ya juya ƙugu ya aika da ita cikin 'yan kallo. Wáscar bai ƙara tambayar haƙora ba.

A zagayen ƙarshe ana kunnen doki, namu ɗaya na tasha ta biyu cikin tashoshin da ake zagayawa, bugu mai kyau guda zai kawo shi gida ya ci maki a tashi wasa. Telo ya fito yana juya kulki, gari duka na kiran sunansa. Ya gyara tsayuwa, ya dubi mai jifa. Mai jifa kuwa bencinsu yake kallo. Mai horar da baƙi ya miƙe, ya ɗaga wa alƙalin wasa yatsu huɗu. Ma'ana a bar shi ya wuce tashar farko kyauta, sun gwammace su gwada sa'a da na bayansa.

'Yan kallo suka ɗau ihu da zagi, wai an hana su ganin abin da suka biya. Telo bai motsa ba. Rabon da a ɗaga masa yatsun nan tun kafin muƙamuƙi. Ragwaye ba a ɗaga musu, tsofaffin da ake lallaɓawa ma ba a ɗaga musu.

"Wuce mana, tsoho," in ji Wáscar. "Ko sai an goya ka?"

"Ka ce ya jefo. Guda ɗaya."

"Mun haukace?"

Telo ya ajiye kulkin a hankali. Yana da amsa a baki, da ma bai taɓa rasawa ba, amma yau daɗin yatsun nan huɗu ya ishe shi. Ya taka zuwa tashar farko bai yi sauri ba. Daga benci muryar Don Plinio ta keto ihun.

"Telo! Gobe ƙarfe biyu, kada ka makara mini!"