Zaren Zanen Inna

Gara ce ta cinye zanen auren Inna a cikin akwati. A garinmu Pinotepa kuwa, zanen da aka kai mace gidan miji da shi, mai ratsin shunayya, da shi ake binne ta. Inna na kwance, tari ya gama da ita, amma ta ce ita kam ba za ta iske marigayi Baba da tsumma ba.

Ƙanwarmu Tiburcia ta ce za ta saƙa sabo in an kawo mata ƙulli huɗu na rinannen zare. Ni da yayana Macedonio muka ɗauki farin zare da wainar masara, muka yi tafiyar kwana takwas zuwa bakin teku, wurin duwatsun da Baba ya koya mana rini.

Aikin haƙuri yake so, ni kuwa ba ni da shi ko ƙanƙani. In ruwa ya janye, sai ka ɓamɓaro dodon koɗi daga dutse, ka danna shi a hankali, ya zubo farin ruwa kamar nono, ka goga a zare. Rana na bugunsa zai koma rawaya, ya koma kore, ya tsaya a shunayya. Daga nan ka mayar da dodon koɗin cikin tsagar dutse mai inuwa, ka yayyafa masa ruwa, ka riƙe shi har ya kama. Ba a sake taɓa shi sai wata ya zagayo.

Da muka tatse duk na wurin, ƙulli uku muka samu. Macedonio ya ce sai dai mu jira wata.

"Wata guda, Yaya? Innar ce ta ce maka za ta jira?"

"Kai dai Cirilo, tun a ciki kake gaggawa, wata bakwai ka fito. Zauna nan, bari in duba duwatsun gaba."

Yana ba da baya na bi su na sake tatsa. Ba ruwan kirki a jikinsu, na matsa da ƙarfi. Riƙewa kuma ban tsaya yi ba, duk wanda na gama da shi sai in ajiye a kan dutse in wuce. Kafin la'asar na cika ƙulli na huɗu, har ina jin kaina gwani.

Da Macedonio ya dawo washegari, ya tarar da su birjik a rana, a kife, kaguwa na wasoso. Ya dube su, ya dube ni. Muka tattara zarenmu muka kama hanyar gida.

Inna ta karɓi zaren ta shinshina, ta yi murmushi, ta ce ƙamshin tekun nan yana nan.

"Kun dai mayar da dodon koɗin?"

"Mun mayar, Inna."

"Kun riƙe har suka kama?"

Macedonio ya sunkuyar da kai. Na ce, "Mun riƙe." Ta dafa kaina ta sa min albarka, har tana cewa hannun Baba na gada.

Ta rayu wata biyar bayan nan. Ashe da mun jira ma, da ta ga zanenta.

Shekara arba'in ke nan, duk rani sai na je, duwatsun Baba fayau suke. Macedonio ya rasu bai tona ni ba, kuma wannan ya fi zagi ciwo. Ina nadama, nadama mai tsanani. Ƙulli na huɗun bai yi duhu kamar sauran ba, Tiburcia ta saƙa shi ta gefen da ake naɗewa ciki, don kada mutane su gani. Shi ne ya kwanta a jikin Inna da muka rufe ta.