Gwangwanin da ke Ƙarƙashin Kwal

"Edek, sakar mana famfon nan," in ji Pan Ludomir daga kan gado, murya a dushe.

Duk mai sirri a birnin Lodz ya san wannan dabarar. Ƙarar ruwa ce ke toshe kunnen na'urar da jami'an tsaro ke dasawa a bango. Edek ya saki ruwan, ya tsaya nan. Matarsa Genowefa ta ajiye kwanon miyar kabeji, ta sunkuya kan tsohon.

Shekara goma sha huɗu ke nan da aka haramta kiɗansa a rediyo, don ya sa hannu a takardar neman a saki ma'aikatan masaƙa da aka kulle. Abokan cin mushe suka watse, sai maƙwabtan nan biyu.

"Genowefa, duk takardun kiɗan da na rubuta suna cikin gwangwani, ƙarƙashin kwal ɗinku a ɗakin ƙasa. Ki kai wa 'yar ƙanwata a Gdansk. In suka samu, ƙonawa za su yi."

"Kai dai sha miyarka, tsohon rigima. Wa ya ce maka yau za ka tafi?"

Bai sha ba. Ranar Talata ya cika.

Ranar Juma'a, dawowarsu daga maƙabarta ke nan, sai ga jami'an tsaro biyu da dogayen riguna. Ko ɗakin mamaci ba su leƙa ba. Kai tsaye suka gangara wurin kwal, suka fito da gwangwanin. Genowefa ta bi su da kallo. Su uku ne a ɗakin ranar da tsohon ya faɗi inda gwangwanin yake, ɗaya kuwa yana kabari.

Washegari da rana Edek ya shigo da lemon zaƙi cikin jaka, a garin da babu komai a kantuna sai ruwan tsami. Genowefa na gani ta gane ladan jami'an ne.

"Tun yaushe kake kai musu rahotonsa?"

Ya sunkuyar da kai. "Shekara tara. Haba, mace, ai ya mutu! Me takarda za ta yi masa? So kike a kore ni daga aiki?"

"Kai ka ɗauki akwatin gawarsa, Edek. Har kuka ka yi, munafuki. Ni kuma na yi ta ba ka haƙuri!"

Ta juya masa baya. Lemon ya zauna a kan tebur ba wanda ya taɓa, har ya yi funfuna.