Shaidar Salihu Ga-ruwa

Ranar hawa Mina da hantsi, titin Mansur ya cushe har ba wurin sa ƙafa. Lori ce tsaye a bakin masallacin unguwa, bayanta maƙil da alhazai cikin fararen harami, yawancinsu tsofaffi ne daga ƙasar Kano, wasu a kan benci, wasu a kan ƙullin kayansu. Direba suke jira.

Direban kuwa Mukhtaru ne, ɗan Salihu ga-ruwa da Hure mai waina. A Makka aka haife shi, maigidansa ya tsaya masa ya samu takardu da lasin tuƙi. Iyayensa ba su da ko ƙyallen takarda. Da ƙafa suka zo aikin Hajji tun suna da jini a jika, suka zauna. Burin Salihu ɗaya ne ya rage a duniya: ya mutu a Makka a binne shi a nan. Saboda haka in ya hango askari, sai ya sake lungu da garwayensa, ko da ruwan zai zube. Wanda aka kama ba iƙama, wato takardar izinin zama, Jidda ake kai shi a zuba a jirgin ruwa.

Hure ce ta fara ganewa. Mukhtaru ya biyo ta gaban kaskonta ya sunkuya zai ɗauki waina, sai ya kusa kifawa cikin mai. Warin turaren kolonya ya buge ta, kuma daga bakinsa yake fitowa, ba daga riga ba.

An daɗe da hana giya shiga ƙasar, hukuncin mashayi kuwa bulala ce a bainar jama'a. Sai dai masu son abinsu sun gano cewa turaren kanti ma yana bugarwa in an sirka shi da ruwa. Direbobin da suka yi kwanaki suna jigilar alhazai daga Jidda ba barci, wasunsu da shi suke lallaɓa jiki.

"Kai, me ka sha?" in ji Hure.

"Wala haja, ummi, ba komai. Gajiya ce," ya ce, harshensa na harɗewa. Ya nufi mota yana taka ƙasa a hankali kamar mai tsoron ta fashe.

Hure ta bar waina a wuta ta sha gaban wakilin muɗawwafi, mutumin da alhazan ke hannunsa. Ta raɗa masa. Ya dube ta sheƙeƙe.

"Ya Hajiya, yau ina zan samo wani direba? A ba shi gahawa mai ɗaci, ya tauna kanumfari. Yalla, rana na yi."

Wannan shi ne maganin da aka sani a tasha: a kashe warin, a bar mayen. Haka mutumin nan ya faɗe shi, ko a jikinsa.

Mukhtaru ya hau, ya tada mota. Lorin ta zabura baya, ta bangaji teburin mai shayi, kofuna suka tarwatse. Alhazai suka yi salati, wata tsohuwa ta rungumi ƙarfen gefe. Hanyar Mina yau mutane ne zalla, masu tafiya a ƙasa da yara a kafaɗa, ga raƙuma, ga jakuna.

Hure ba ta san lokacin da ta kwasa da gudu zuwa mararraba ba, inda wani askari ke ba motoci hannu. Da guntun Larabcinta ta janyo shi.

Askarin ya zo yana goge gumi, ransa a ɓace. Ya sa Mukhtaru ya sauko, ya shinshina bakinsa. Kanumfari ya riga ya yi rabin aikinsa.

"Ina jin wani abu," ya ce, "amma hancina ni kaɗai ba zai sauke direba ranar hawa ba. Maganar mace kuma alƙali ba zai karɓa a wannan ba. A samo namiji baligi ya shinshina, ya ba da sunansa, ya biyo ni ofis."

Mai shayin da aka fasa wa kofuna ya duƙa yana tsintar gilashi. Mai aski ya tuna yana da aiki a ciki. Duk wanda ke wurin ya san ofis ba suna kaɗai ake tambaya ba. Alhazan kuwa ba su jin Larabci, kuma wakili ya riga ya gaya musu rigimar gida ce kawai.

"Ba kowa?" in ji askarin. "Halas, shi ke nan. Hau ka tafi."

Mukhtaru ya kama ƙofar mota. Sau biyu ƙafarsa tana kuskure matakala.

Salihu yana tsaye a bakin lungu tun ɗazu, sanda a kafaɗa, garwa biyu na ɗiga. Ya ji komai. Hure ta hango shi, amma ba shi ta so ya fito ba. Ta girgiza masa kai.

"Malam, koma," ta ce a hankali. "Don Allah koma."

Ya sauke garwayen, ya jingina sandar da bango. Ya ratsa mutane ya zo ya tsaya gaban ɗansa, ya kama haɓarsa.

"Buɗe bakinka."

"Abuya… Baba…"

"Buɗe."

Ya kai hancinsa, ya ja numfashi. Ya daɗe bai ɗago ba. Ta bayan kanumfarin, warin yana nan daram.

"Ya sha," in ji Salihu da Hausa. Sannan ya maimaita da Larabci don kada a ce ba a ji ba.

"Ka san shi?" in ji askarin.

"Ɗana ne."

Askarin ya dube shi daga kai har ƙafa, ya dubi tsagaggun dugadugansa. Da alama bai so tambayar da zai yi ba, amma ya yi ta.

"Fen iƙama, ya Hajji? Ina takardarka?"

Salihu ya buɗe tafukan hannunsa kawai.

Aka zare makullin lori. Alhazai suka ruɗe da hayaniya, wani dattijo yana ta ja wa tsohon da ya tsayar musu da tafiya Allah ya isa. Hure ta tsaya a tsakiyar titi, hayaƙin wainarta da ta ƙone yana bin kan mutane, hawaye ya hana ta ganin komai sosai.

A bayan motar askarawa aka zaunar da uba da ɗa. Da motar ta tashi, Mukhtaru ya tafi luu zai faɗo, Salihu ya riƙo wuyan rigarsa ya jingina shi da kafaɗarsa. Can sai ya buɗe ido ƙyal-ƙyal.

"Abuya, ina za mu?"

"Kai kusa za ka, za ka dawo," in ji Salihu. "Ka kula da uwarka."