Fakin A Bakin Tafki

"Birki! Birki na ce, ba totur ba!"

Mai Ɗinki ta danne duk abin da babban yatsanta ya samu a jikin rimot. Jar motar da ke cikin talabijin ta yi tsalle ta hau shinge, ta kwashi wasu kujerun gefen hanya, ta kife ƙafafu sama tana hayaƙi.

"Shi ke nan, kin kashe mini fasinja kakaf," in ji Baba Direba daga kan gado. Dariya ta kama shi, tari ya biyo bayanta, sai da ta ajiye rimot ta ɗaga masa kai ya kurɓi ruwa.

"Baba, ni keken ɗinki na iya tuƙawa. Shi ba ya hawa shinge."

"Ai shi ya sa na ɗauke ki karen mota. Ɗauki abin nan mu koma."

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da nasu, shi da matarsa Goggo, a gidan hayar, bangon kuma bai fi kaurin katako ba. Tun ranar da jikarsa ta tafi karatu ta bar masa akwatin gem ɗinta, Mai Ɗinki take jin gurnanin inji ta bangon nan, yana tafiya tare da ƙarar kekenta. Gem ɗin na tsere ne, amma Baba Direba bai taɓa tsere da kowa ba. Mutumin da ya tsufa yana jan motar haya ba ya sake hali don an mayar da shi cikin talabijin. Ana buga tashi sauran motocin za su fice kamar an kore su, shi kuwa sai ya hau hannunsa a hankali, ya rage gudu a kowace kwana, yana tsaki yana cewa yaran yanzu ba su san darajar rai ba. Kullum shi ne na ƙarshe, kuma kullum ya ajiye rimot yana alfahari cewa ko ƙwarzane babu a jikin motarsa.

Yanzu hannuwan sun daina jin magana. Likita ya ce a mayar da shi gida ya huta, ya ci abin da ransa ke so, kuma duk wanda ke gidan ya gane abin da maganar take nufi. Shi ma ya gane. Bai tsaya jimami ba, sai ya aika aka kira Mai Ɗinki, ya ce yana da aiki.

Akwai wani wuri a cikin gem ɗin, bayan wata doguwar gada, inda hanya take bin gefen tafki. Ruwan a kwance yake luf, duwatsu a bayansa, ga wata bishiya ɗaya da benci a ƙarƙashinta. A nan yake ajiye mota kullum ya zauna yana kallo, har gem ɗin ya gaji ya rubuta masa cewa an gama tsere.

"Akwai irinsa sak a hanyar da na yi aiki," ya gaya mata ran nan, murya ƙasa ƙasa don kada a ji daga kicin. "Safe da yamma ina wuce shi, ban taɓa tsayawa ba. Fasinja ba sa barin mutum. Tun Goggonki tana amarya nake ce mata wata rana zan kai ta. Wata rana, wata rana, ga shi har mota ta bar hannuna."

"To ka nuna mata a talabijin mana."

"Ba ta kallo. Ta ce da abin ya motsa jiri yake ɗibarta, kuma wai ba ta shiga shiriritar yaro mai furfura. Ki samo mini hotonsa na takarda, wanda ba ya motsi, a kafa a bangon can. Amma fa kada ki yi mini ɓarnar kuɗi, ta ji ta ƙarasa ni kafin ciwon."

Mai Ɗinki ta ɗauka abu ne mai sauƙi. Ta shiga waya ta tarar da shagunan da ba su da sana'a sai sayar da hotunan gem, masu kyau kuwa, a takarda mai kauri, wasu har da firam. Da ta ga farashi sai da ta goge fuskar wayar da gefen mayafi ta sake dubawa, ko idonta ne. Hoto ɗaya ya kusa kuɗin sabon kan keke. Masu ɗan sauƙin kuma sai an jira makonni kafin su iso, ita kuwa ta san makonni ba su cikin abin da Baba yake da shi. Abin da ya fi ba ta haushi, duk cikinsu babu tafkin. Wa zai ɓata takarda a kan wurin da kowa yake wucewa a guje?

Ta shiga kasuwa, layin masu kayan waya da fastoci, ta yi ta ɗaga takardu har hannunta ya yi ƙura. Daga masu takobi sai masu bindiga, sai motoci da wuta a gindinsu. Don kada ta koma hannu biyu, ta sayo mafi arha, wata mota shuɗiya ta karkace a kwana, ƙura na tashi.

Baba Direba ya daɗe yana kallon hoton. "Wannan wa ya ba shi lasin?"

"Baba, ado ne fa."

"Adon me? Dubi yadda ya shiga kwana. Wannan ko akuya ba zan ba shi ya kai kasuwa ba. Fitar mini da shi kafin hawan jinina ya tashi."

Hoton ya ƙare a ɗakinta, ta rufe wani wurin da fenti ya ɓare da shi.

Mai Fasta ne ya ba ta shawara, mutumin da ke buga allunan talla a bakin titi, wanda take ɗinke wa gefunan ledodinsa in aiki ya yi masa yawa. Ya ce in ta kawo hoton a waya zai buga mata a ragowar leda, ladan ɗinkin da take masa. Sai dai dole a kai motar wurin tukuna, kuma a duk gidan babu mai sauran hannun tuƙi sai ita. Haka ta zama karen mota.

Ta sha faɗa a kwanakin nan fiye da wanda ta sha wajen koyon ɗinki. Ta faɗa rami, ta daki gada, sau ɗaya ma ta juya ta kama hanyar da ta fito ba ta sani ba. Goggo takan shigo da tire, ta kawar da kai daga talabijin kamar an kunna abin kunya.

"Ke ma ya lalata ki? Mutane na jiran ɗinkinsu kina nan kina wasan yara."

"Kwandasta, a yi mana shiru, muna kan gada," in ji Baba. Sunan da yake kiranta ke nan tun suna da ƙuruciya, wai don ba a taɓa tashi ba ta ce wani abu ba.

"Kwandastan da ba a taɓa biya ba," ta ce, ta gyara masa matashi da ƙarfin da ya fi na gyara, ta tsaya ta shafa goshinsa kafin ta fita.

Ranar da suka isa, da hantsi ne, an buɗe taga rana ta cika ɗakin. Baba ya kwana da jiki, muryarsa ta dushe, umarnin ma da yatsa yake bayarwa. Mai Ɗinki ta haye gadar tana riƙe da numfashi, ta bi kwanar a hankali kamar mai bin layin alli a kan yadi mai tsada. Sai ga ruwan.

"Sauka gefe," ya ce. "A hankali. Yauwa. Kashe."

Babu abin kashewa, amma ta ɗauke yatsunta. Ɗakin ya yi tsit. Ta ji hawaye na neman zubo mata, ta yi maza ta zaro waya ta tsaya gaban talabijin ta ɗauka. Ita dai a saninta haka ake ɗaukar hoto: ka tsaya gaban abu ka danna. Ta duba, ta ga tafki, ta ga benci, ta fita da sauri ko takalmi ba ta saka daidai ba.

Washegari Mai Fasta ya shimfiɗa mata ledar a kan teburinsa yana sosa ƙeya. Mutumin da ya saba buga allon shago bai san ƙarami ba, abin ya kai faɗin ƙofa in an kwantar da ita.

"Hajiya, akwai matsala fa. Da waya kika ɗauki fuskar talabijin? Ai ba haka ake yi ba, shi gem ɗin yana da wurin ɗaukar hoto da kansa. Kuma kin bar taga a buɗe. Dubi nan."

Ta duba. Sama ta fito, duwatsu sun fito, bishiya da benci ras. Amma a tsakiyar tafkin, inda ruwan ya yi duhu, gilashin talabijin ya kwaso ɗakin gaba ɗaya. Ga inuwarta a gefe, hannu sama da waya. Ga gado, ga kan Baba a kan matashi. A wayar ba ta lura ba, girman ledar ne ya tona.

"Ki sake ɗaukowa yadda ya kamata. Amma ledar ta ƙare, sai wani satin."

Da safen nan ko shayi Baba bai iya haɗiya ba. Ta naɗe ledar, ta kai ɗakinta ta kalmashe gefunan a keke, ta saka mata madaukai, tana ɗinki tana zagin kanta. Aiki ɗaya tsoho ya roƙe ta a duniya, ta ɓata shi da hannunta.

Ta buga ƙusoshi a bangon da ke fuskantar gadon, ta rataya, ta ja baya ba ta yarda ta kalle shi ba.

"Baba, ka yi haƙuri. Na yi kuskure wajen ɗauka, ɗakin ya fito a cikin ruwan. In Allah ya kai mu wani satin..."

"Ba ni tabarau."

Ta saka masa. Ya kalli sama, ya kalli bencin, ya gangaro kan ruwan. Sai ta ga kafaɗunsa sun fara rawa. Ta zaci kuka ne, ashe dariya ce, irin wadda ba ta da sauran ƙarfin fitowa.

"Kira mini Kwandasta. Maza."

Goggo ta shigo tana goge hannu a zani. Ta tsaya cak. Wannan karon ba ta kawar da kai ba.

"Matso," in ji shi. "Wace ce waccan a bakin ƙofa?"

Sai a lokacin Mai Ɗinki ta gani. Bayan gadon, can cikin ruwan, ga wata inuwa a jikin ƙofa, tire a hannu, ta miƙo wuya tana leƙen talabijin da dukkan fuskarta.

"Mai jiri!" in ji Baba. "Mai cewa ba ta kallon wasan yara! An kama ki!"

"Kofi na zo ɗauka," in ji Goggo.

"Da wuya haka?"

"To na leƙa! Laifi ne? Shekara da shekaru ana ce mini tafki, tafki, ba zan ga abin da ya fi ni ba?" Ta matsa har hancinta ya kusa taɓa ledar. Ta kai yatsa kan bencin, ta sauko da shi kan ruwan, inda kansa yake, inda ita take. Muryarta ta sauka. "Ashe haka yake."

"Haka yake. Ga ni, ga ki, har da karen mota." Ya numfasa. "Na kai ki ko ban kai ki ba?"

"Ka kai ni. A makare, kamar yadda ka saba."

"Amma lafiya lau. Ko ƙwarzane babu."

Ya daɓa katifar ta gefensa. Goggo ta harare shi, ta ce ita ba yarinya ba ce, sannan ta cire takalmi ta hau, ta jingina da bango kafaɗarta a jikin tasa. Mai Ɗinki ta tattara hamarta da sauran ƙusoshi ta fice, tana dariya tana share ido da bayan hannu.

Kwanakin da suka rage ɗakin bai rabu da mutane ba. Maƙwabta suka riƙa shigowa kallon inda aka kama Goggo, shi kuma yana nuna musu da yatsa, ba ya gajiya. Mai Fasta ya zo da kansa ya ce leda ta iso, zai sake buga mai tsabta kyauta. Goggo ta ce in ya taɓa wannan sai ta karya masa hannu.

Da wata safiya Baba Direba ya cika, tabarau a fuskarsa, Goggo na gefensa. Mai Ɗinki ta yi kuka sosai, ta yi kewar faɗansa fiye da yadda ta zata, har ta kan tsinci kanta tana rage gudun keke in ta zo kwanar wuyan riga.

Bayan baƙi sun watse, gida ya koma shiru, ta shiga kai wa Goggo wani zani da ta gyara mata. Ta yi sallama a hankali. Taga a buɗe, rana ta faɗo a kan ledar, ruwan yana ɗan sheƙi. Goggo na zaune a kan gadon da kofin shayi a hannu, ta jingina da bango a gefenta na ran nan. Ɗaya gefen kuwa ta bar shi yadda yake, matashin a gyare, tabarau a kansa.